Prado mai batir: ƙarfin ja ya ƙaru, tankin mai ya ragu

Shekara 14 kamfanin Toyota ya yi yana sayar da Prado samfurin 150, wadda ta fito a 2009, kafin ya nuna magajiyarta a farkon watan Agustan 2023. Sabuwar, mai lamba 250, ta shiga kasuwa a 2024, kuma a Amurka ta zo da abin da ba a taɓa gani ba a gidan Land Cruiser: injin esansi, injin lantarki da babban batir, duka a mota ɗaya. Irin wannan haɗi shi ake kira hibrid. Waɗanda suka fara sayenta a can sun riga sun zuba mata dubban kilomitoci, a kan kwalta da cikin duwatsu, kuma bakinsu ya fara zuwa ɗaya. Motar tana da ƙarfin ja fiye da yadda girman injinta ke nunawa. Sai dai ba ta rage shan mai yadda sunan hibrid ya sa mutane tsammani ba, ga shi kuma tankinta ƙarami ne.

Labarin ba na Amurkawa kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin motocin okazon da ake sayarwa a Yamai, Maraɗi da Damagaram daga can suke fitowa, su sauka a tashar jirgin ruwa, su hauro arewa. A da Kwatano ce babbar ƙofa, amma tun bayan rufe iyakar Gaya a 2023 kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Motar da Ba'amurke ya saya sabuwa bana, bayan ƴan shekaru ita ce dillali zai wanke ya jera a bakin hanya. Don haka abin da masu ita na farko suka tarar yana da amfani ga ɗan kasuwar da ke tara miliyoyinsa da niyyar sauya tsohuwar Prado ko V8.

Sunan da ke rikita mutane

A Amurka ba a rubuta Prado a jikinta. Land Cruiser kawai ake ce mata, abin da ya sa wasu ke ɗaukar ta a matsayin magajiyar V8, wato samfurin 200 da manyan ma'aikata da attajirai suka saba hawa a Nijar. Ba haka ba ne. Magajiyar V8 ita ce samfurin 300 da ya fito a 2021, wanda Toyota bai kai kasuwar Amurka da sunansa ba. Bayan samfurin shekarar 2021 sunan Land Cruiser ya ɓace a can na wani lokaci, da ya dawo kuma sai ya dawo a jikin Prado. Farashin ma ya nuna haka: mafi araha a cikinsu, wadda aka laƙaba wa 1958 don tunawa da shekarar da Land Cruiser ta fara shiga Amurka, an sa mata dalar Amurka 55,950, kimanin miliyan 33 zuwa 34 na CFA a canjin 2024, kafin kuɗin jirgi da na duwan. Tsohuwar V8 ta fi ta tsada da kusan dalar Amurka dubu 30.

Duk da haka ba ƙaramar mota ba ce. Shasinta na ƙarfe iri ɗaya ne da wanda aka ɗora samfurin 300 da Lexus GX 550 a kai, kuma nauyinta ya kusa tan biyu da rabi. Tayoyinta huɗu suna ja a kowane lokaci, tana da ƙaramar giya ta hawan tudu da shiga yashi, ana iya kulle tsakiya a kuma kulle baya don tayoyin su juya tare. Ta wannan fannin, kat-kat ce ta gaske.

Yadda injinan biyu ke aiki

Wanda ya san Prius, motar hibrid da Toyota ya fara fitarwa a 1997, zai yi zaton abu ɗaya ne. Akwai bambanci, kuma daga shi ne yawancin yabo da ƙorafin suka samo asali. An ƙera Prius don ta sha mai kaɗan a cikin gari. A Prado 250 kuwa, injin esansi ne mai silinda huɗu, lita 2.4, mai turbo, sai aka saka injin lantarki guda mai ƙarfin doki 48 a tsakaninsa da akwatin giya mai canji takwas da ke sauya kansa. Idan suka haɗu suna ba da ƙarfin doki 326.

Adadin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ƙarfin murɗa taya, wanda ake aunawa da Nm. Shi ne ke fisgo mota daga tsaye, ya fitar da ita daga rami, ya hau da ita tudu da kaya. Sabuwar tana ba da Nm 630 tun inji yana juyi 1,700 a minti, wato direba bai ma taka sosai ba. Tsohuwar V8 ta Amurka mai lita 5.7 tana da ƙarfin doki 381, amma Nm 544 take bayarwa, shi ma sai inji ya kai juyi 3,600. Dalilin ba boyayye ba ne. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga juyin farko, shi kuwa turbo sai hayaƙi ya taru kafin ya fara hura iska. A ɗan wannan tsakanin da injin turbo kan yi nawa, lantarkin ne ke ture motar.

Batirin ba a jona shi da wutar gida. Yana caji ne daga injin, da kuma lokacin da direba ya saki totur ko ya taka birki, inda injin lantarkin ke juyewa ya zama janareta ya mai da gudun motar wuta. Girmansa kilowat-awa 1.87 ne kawai. Lita ɗaya ta esansi tana ɗauke da kimanin kilowat-awa 9 na zafi, don haka ko an cire asarar da kowane inji ke yi wajen ƙona mai, cikakken batirin bai kai aikin lita ɗaya ba. Motoci masu tafiya da lantarki zalla suna ɗaukar ninkin wannan sau talatin ko fiye. Wanda ya sayi Prado hibrid da tunanin zai je kasuwa ya dawo ba tare da injin ya tashi ba, ya yi kuskuren lissafi. Takan lallaɓa shiru a cikin go-sulo ko wajen fita daga gida, na ɗan lokaci, sai injin ya karɓa.

Abin da masu ita ke yabawa

Kusan duk wanda ya tuƙa ta yana ambaton tashinta daga tsaye. A mararraba ko wajen wuce babbar mota, tana amsawa nan take, ba ta jira giya ta sauka. Masu shiga duwatsu sun fi kowa jin daɗin wannan, saboda a wurin da ake tafiya kamar ta hawainiya ana so a ba taya ƙarfi kaɗan-kaɗan ba tare da fisga ba, lantarki kuma ya iya wannan aikin.

Ana yaba ganin hanya. Gilasan a tsaye suke, an sauke gefen tagogi ƙasa, direba yana hango inda tayar gaba za ta taka. Sitiyarin lantarki ne ke taimaka masa, karon farko a Land Cruiser, ga sauƙin murɗawa, kuma ba ya dukan hannu sosai a kan gargada. Mutane sun kuma ji daɗin cewa an bar maɓallai na gaske don na'urar sanyaya da ƙarar rediyo, ba a tura komai cikin allon taɓawa ba. Wanda ya taɓa laluben allo a hanya mai ramuka ya san darajar wannan.

Shan mai, da tankin lita 68

A nan ne murnar ke raguwa. Adadin da hukumar muhalli ta Amurka ta amince da shi, idan aka mai da shi ma'aunin da aka saba da shi a Nijar, lita 10.2 ne a kilomita 100, gari da doguwar hanya a haɗe. Tsohuwar V8 a ma'auni ɗaya tana shan lita 16.8. Bambancin ba ƙarami ba ne. Daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ragin ya kai wajen lita 60, kimanin jikka 30 ke nan a farashin 499 da aka tsayar wa litar esansi a watan Yulin 2024.

To amma adadin takarda daban, na hanya daban. Masu motar da yawa suna ba da labarin lita 11 zuwa 12, wani lokaci fiye, musamman idan suka daɗe suna gudun kilomita 120 a awa. Jikin motar kamar akwati yake, iska tana dukansa, kuma a doguwar hanya babu taka birkin da zai cika batir. Abin da ya rage shi ne ƙaramin inji mai turbo yana jan tan biyu da rabi, turbo kuwa idan yana aiki sosai ba ya tausayin mai. Waɗanda suka cire tayoyin kamfani suka sa manya masu ƙaya, ko suka ɗora kariya a rufi, sun ga shan man ya ƙara hawa. Hibrid ta fi biyan mai ita a cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin gida da ofis a Yamai zai fi ganin amfaninta a kan ɗan kasuwar da ke bin hanyar ƙasa mai lamba 1 duk mako.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne na tanki. Galan 17.9 yake ɗauka, wato kusan lita 68. V8 ta Amurka tana ɗaukar lita 93. Tsohuwar Prado mai tanki biyu, mai tayar safiya a ƙofar baya, tana ɗaukar lita 150, kuma samfurin 78 da ƙungiyoyin agaji da asibitoci ke shiga daji da shi yana kai 180. Hatta sabuwar Prado mai gazuwal da ake sayarwa a Ostareliya, mai jiki ɗaya da wannan, tana ɗaukar lita 110.

Lissafin mai sauƙi ne. A lita 12, tanki cike zai kai kilomita 560 idan aka shanye shi ƙaf, abin da babu direba mai hankali da zai yi. Fitilar mai takan kunna tun da sauran wasu litoci, shi ya sa masu ita ke cewa suna komawa gidan mai da wuri fiye da yadda suka saba. Daga Yamai zuwa Maraɗi kimanin kilomita 660 ne, dole a tsaya a Dogon Dutsi ko Ƙonni a ƙara. A wannan hanyar ba matsala ba ce matuƙar gidajen mai suna da kaya. Amma wanda ya ga dogayen layukan da aka yi a Yamai da sauran garuruwa lokacin ƙarancin esansi na watan Maris 2025 ya san cewa ranar da aka samu mai, girman tanki shi ne yawan kwanakin da mutum zai yi bai koma layi ba.

A arewa kuwa maganar ta fi haka nauyi. Daga Agadas zuwa Dirku tafiyar sama da kilomita 600 ce a cikin rairayi. A yashi mai laushi shan man kowace mota kan iya ninkawa, kuma batirin da bai kai aikin lita ɗaya ba ba zai daɗe yana taimako ba idan ana ta murzar inji babu sassauci. Idan aka ƙaddara lita 20 a kilomita 100, tankin zai ƙare a kilomita 340. Sauran tafiyar ta jarkoki ce, jarka kuma tana buƙatar wuri da nauyi, abubuwa biyu da wannan mota ta riga ta ci wani ɓangare nasu.

Bayan motar ya tashi sama

An ajiye batirin ne a ƙarƙashin daɓen wurin kaya, sama da tayoyin baya. Wurin yana da hikima, domin ya yi nesa da ruwa da duwatsun hanya. Amma ya ɗaga daɓen sama, sai an ɗaga buhu da kyau kafin a tura shi ciki, kuma tsayin wurin kayan ya ragu. A Amurka ma babu layin kujeru na uku, mutum biyar kawai take ɗauka. Ga magidancin da ke sayen Prado don ya kwashe iyali zuwa biki ko ta'aziyya a ƙauye, wannan kaɗai ya isa ya sa ya sake tunani. A Ostareliya, inda aka sa kujeru bakwai a jiki ɗaya, masu gwajin motoci sun yi ta sukar yadda kujerun baya ke zaune a kan daɓen suna cinye wurin kaya.

Ƙofar baya yanzu sama take buɗewa, ba gefe ba, kuma ana iya buɗe gilashinta shi kaɗai a ɗauki ƙaramin abu. Tayar safiya ta koma ƙarƙashin mota. A kwalta babu damuwa. Idan taya ta fashe motar tana nutse a yashi ko taɓo, sai an yi haƙa kafin a kai gare ta. Akwai kuma takarda manne a bakin ƙofar direba da ke nuna iyakar nauyin mutane da kayan da aka yarda ta ɗauka, kuma nauyin batir da injin lantarki daga cikin wannan rabon aka cire shi. Mutum biyar manya, jarkokin mai da na ruwa da buhu biyu na hatsi, an kusa iyaka ko an wuce.

Wani abu da Amurkawa ke alfahari da shi shi ne soket ɗin wuta mai ƙarfin wat 2,400. Da shi suke kunna firji da tukunyar lantarki idan suka fita kwana a daji, injin yana tashi yana mutuwa da kansa gwargwadon buƙatar batir. Mazaunin Tawa ko Damagaram da ke fama da ɗaukewar wuta a watan Afrilu zai ji kamar an ba shi janareta kyauta. Akwai sharaɗi: wutar Amurka bolt 120 ce, kayan gidajen Nijar kuma na 220 ne. Cajar waya da ta kwamfuta galibi suna karɓar kowanne, amma firji, fanka da injin markaɗe sai da taransifoma mai ɗaga wuta. Kuma kada a bar motar a kunne cikin rufaffen gareji ko kusa da tagar ɗakin kwana don ana jin ta shiru. Injin zai tashi da kansa cikin dare, hayaƙinsa kuma yana kisa ba tare da wari ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Wasu ba sa son ƙarar injin mai silinda huɗu idan an taka shi, musamman waɗanda kunnensu ya saba da rurin V8. Wasu sun lura murfin inji yana ɗan kaɗawa a babban gudu, wasu sun ji birki yana ƙara da safe idan suna ja da baya, ko motar tana ɗan zabura daf da tsayawa, lokacin da birkin lantarki ke miƙa aiki ga na ƙarfe. Na'urorin gargaɗi suna yawan kuka har sai an shiga allo an rage su. Masu samfurin 1958 kuma sun ce robar cikinta ba ta yi kama da ta motar wannan kuɗi ba.

Abin da Amurkawa ba su gwada ba

Ra'ayin mai sabuwar mota yana da iyaka. Motar tana cikin garanti, man da yake zubawa tsaftatacce ne, garejin kamfani yana kusa da shi. Abin da ya ɗaukaka Land Cruiser a Nijar kuwa wani abu ne daban: injin gazuwal mai silinda shida, 1HZ, da ke yin ɗaruruwan dubban kilomitoci, wanda makaniki a Tanut ko Abalak zai kwance ya ɗaure da sifana da basira. Injin lita 2.4 na sabuwar Prado a 2021 ya fara fitowa, a cikin Lexus NX. Yaro ne idan aka kwatanta. Abin da ke gefensa shi ne tarihin Toyota a harkar hibrid, domin motocin tasi samfurin Prius sun yi doguwar rayuwa a biranen duniya da irin wannan batir na nikel.

Mai shi ne abu na farko. Takardun samfurin Amurka sun buƙaci esansi mai lambar okten 91 ko sama, kuma ma'auninsu daban ne da wanda ake amfani da shi a Turai da Afirka: 91 ɗinsu ya yi daidai da wajen 95 a wancan. Idan lambar ta gaza, kwamfutar motar takan ja da baya don kare injin, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Injin yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa, ta ƙananan kafofin da datti ko ruwa ke lalatawa da sauri. Man ruwa-ruwa na kwalba da jarka a bakin hanya, wanda tsohuwar mota ke haɗiyewa ta wuce, ba abincin wannan ba ne. Baƙin mai ma siririn nan ne, 0W-20, kuma turbo ba ya yafe wa mai jinkirta juye.

Sai zafi da ƙura. Iskar cikin mota ce ke sanyaya batirin, wata fanka ce ke zuƙo ta ta wasu kafofi masu matata. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 45, motar da aka bari a rana cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma zafi shi ne babban abin da ke tsufar da batir. Idan ya yi zafi da yawa kwamfuta tana rage aikinsa, direba ya ji motar ta yi nauyi. Ƙurar hunturu da ta hanyar burji suna toshe matatar a hankali. Buhu, tabarma ko jakar da aka jingina a bakin kafar suna yin aiki ɗaya cikin minti guda. Share matatar ba shi da wuya kuma ba shi da tsada, amma sai wanda ya san tana nan. Ajiye motar a inuwa yana cikin kula da batirin. Jarkar mai ko ta ruwa mai yoyo a kan daɓen baya kuwa, a kan batirin take zaune.

Kamfanin ya ce motar tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70. Wannan ruwa ne mai kwance, ba ƙorama mai gudu ba, kuma damina irin ta 2024, wadda ta kashe sama da mutum 300 a Nijar ta kuma yanke hanyoyin shiga Yamai na kwanaki, ta nuna yadda gulbi ke cika cikin awa guda. Haɗarin da ya fi kusa da mai saye ma ba a nan yake ba, yana can inda aka sayo motar. Wani kaso na motocin Amurka da ke zuwa Afirka ta Yamma daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Motar esansi zalla da ruwa ya shiga takan wahalar da mai ita. Hibrid da ruwa ya kai ga batirinta kuwa tana iya yin watanni lafiya kafin tsatsa ta ci mahaɗan wuta. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana ba da damar binciken tarihin motar ta intanet da kuɗi kaɗan, kuma dillalin da ya hana a karanta ta ya riga ya ba da amsa.

Batun makaniki ya shafi rai. Batirin bolt 288 ne, wayoyinsa an rufe su da roba ruwan lemo don gargaɗi. Ba a taɓa su da hannu tsirara, ba a yanka su don jona wata fitila, kuma akwai matakin cire wuta da ake bi kafin a fara aiki kusa da su. Motar tana iya zama a kunne shiru kamar a kashe take. Yaron gareji da ya zura hannu wajen fanka, ko ya kwance magudanar baƙin mai, injin zai iya tashi a kansa. Gano cutarta sai da kwamfutar gwaji da wanda ya iya karanta ta. Ba a tayar da ita da turi. Tana kuma da ƙaramin batir na bolt 12 kamar kowace mota, wanda idan ya mutu ba za ta farka ba ko da babban a cike yake. Wannan kam ana iya ba shi wuta daga wata mota yadda aka saba.

A Amurka Toyota yana ba batirin hibrid garantin shekara 10 ko mil 150,000, wato kusan kilomita 240,000. Alkawari ne mai ƙarfi, amma na kasuwar can ne, ba ya hawa jirgin ruwa tare da motar. Haka manhajar waya da ke kunna mota daga nesa, da layin sadarwar can take aiki. Rediyon ma a kan lambobin da suka ƙare da mara yake tsayawa, kamar 96.1 da 96.3, don haka tashar FM da ke kan cika ba za ta fito tsaf ba.

Kalma ɗaya, motoci iri-iri

Rubutun hibrid a takardar dillali ba ya nufin abu ɗaya. Irin wanda aka bayyana a sama, mai esansi da batir mai bolt 288, na kasuwannin Amurka ta Arewa da Sin ne. A Turai da Ostareliya Prado 250 tana zuwa da injin gazuwal na lita 2.8, dangin wanda ke cikin Hilux, mai ƙarfin doki 204 da Nm 500, wasu da ƙaramin tallafin lantarki na bolt 48. Wannan tallafin ba ya tuƙa motar shi kaɗai, yana dai sassauta tashin inji ya rage mai kaɗan. Su ma suna da nasu sharaɗin: matatar hayaƙi da ke son gazuwal mai ƙarancin sulfa, da ruwan AdBlue da ake zubawa a wani tanki daban. Akwai kuma motocin Sin irin su Tank 300 na kamfanin GWM da Jetour T2, wasu hibrid ne zalla, wasu ana jona su da wutar gida su yi kilomitoci masu yawa kafin inji ya tashi. Toyota da kansa yana ƙera Prado ɗaya da injuna dabam-dabam gwargwadon man kowane yanki da hanyoyinsa, shi ya sa wadda wakilinsa CFAO ke sayarwa sabuwa a ƙasashen yankin da wadda aka sauke daga gwanjon Amurka suna iya kama da juna a ido, cikinsu ya bambanta.

Kamfanin ya san tambayar da mutanen sahara ke yi: idan lantarkin ya tsaya a tsakiyar daji fa? Da ya zo sa hibrid a babbar yayar, Lexus LX 700h, ya bar mata sitata da janaretan caji irin na tsofaffin motoci, don injin ya iya tashi ya kai mutane gida ko da ɓangaren lantarkin ya samu matsala, ya kuma rufe batirin cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. A 2025 ya fitar da Land Cruiser 300 mai irin wannan haɗi, mai ƙarfin doki 457, kuma ya fara sayar da ita ne a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda zafi da yashi suka fi kama da na Nijar. Dubai ma kasuwa ce da ƴan kasuwar Nijar ke sayo motoci, don haka ita ma tana kan hanya.